Darasin Zaɓen Cike Gurbi na Ikko a 1941

Mutanen mazaɓar Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran jama'ar ƙasar nan, sun saba ɗaukar zaɓen cike gurbi a matsayin ƙaramin al'amari: mai kujera ya rasu ko ya sauka, a sa wani a wuce wurin. Wannan kuwa kuskure ne. Kujera ɗaya tak ta taɓa wargaza jam'iyyar da ta fi kowace ƙarfi a Nijeriya a zamaninta, kuma ya kamata ma'aikata da ɗalibai su san yadda aka yi.

A ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922, kujeru huɗu kaɗai ake cikewa ta hanyar zaɓe a Majalisar Dokoki, uku na Ikko, ɗaya ta Kalaba. Mai jefa ƙuri'a kuma sai namiji baligi wanda ke samun Fam 100 a shekara. Arewa ba ta da zaɓaɓɓen wakili ko ɗaya, Gwamna ne ke kafa mata doka da kansa. A zaɓen 1938 Ƙungiyar Samarin Nijeriya, watau NYM, ta ka da jam'iyyar NNDP ta Herbert Macaulay, ta kwashe kujerun Ikko duka uku.

Daga baya ɗaya daga cikin wakilan nan, Dokta Kofo Abayomi, ya ajiye kujerarsa ya tafi Ingila ƙaro ilmin likitan ido. Da aka tara 'yan ƙungiya don fid da wanda zai gaje shi, Samuel Akisanya, mutumin Ijebu, shi ne ya zo na ɗaya. Amma kwamitin zartarwa ya ture wannan zaɓi, ya tsai da Ernest Ikoli, ɗan jarida, ɗan ƙabilar Ijo. Akisanya ya ƙi yarda, ya tsaya takara da ƙashin kansa. Nnamdi Azikiwe da jaridarsa West African Pilot suka goyi bayansa, Obafemi Awolowo kuma ya bi Ikoli.

Aka yi zaɓe cikin watan Maris na 1941. Ikoli ya sami ƙuri'a 523, Akisanya 411, ratar 112 ke nan. Ƙungiya ta ci kujera, amma ba ta sake komawa daidai ba. Azikiwe ya fice da mabiyansa, jaridu suka shiga jifan juna da zargin ƙabilanci, a 1944 kuma aka kafa NCNC. Mutanen da suka jefa ƙuri'a ran nan ba su cika dubu ba, amma ɓarakar da ta biyo baya ta daɗe tana bin siyasar ƙasar nan.

Abin lura shi ne, ba a rumfar zaɓe aka yi ɓarnar ba. Tun a ɗakin taro aka yi ta, sa'ad da 'yan tsirarun shugabanni suka ga sun fi taron 'yan ƙungiya sanin abin da ya dace. Ana iya cewa dokar ƙungiya ta ba kwamitin wannan iko, kuma Ikoli mutum ne mai cancanta. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda aka nemi ra'ayinsa sannan aka watsar da shi ba ya mantawa.

Katsina ma ta ɗanɗana irin wannan. A 2011 jam'iyyar CPC ta fito da jerin 'yan takara iri biyu, tana ta jayayya kan wanda zai tsaya mata gwamna, Aminu Bello Masari ko Yakubu Lado Ɗanmarke. Ta ci kujerun Majalisar Dattijai uku na jihar, amma kujerar gwamna ta zauna a hannun Ibrahim Shehu Shema na PDP, ɗan Dutsin-Ma. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Disamba 2011, Hukumar Zaɓe ta janye takardun shaidar 'yan majalisar tarayya goma ta ba wasu. A Katsina ta Tsakiya, wadda ta haɗa da Dutsin-Ma da Kurfi, Abubakar Sadiq 'Yar'aduwa ya maye gurbin Ahmed Sani Stores. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka duk ranar da gurbi ya samu a wannan mazaɓa, kada jama'a su jira ranar ƙuri'a kafin su sa ido. Su tambayi wa ya fid da ɗan takara, a gaban wa, da ƙuri'a nawa. Malaman makaranta, ma'aikatan ƙananan hukumomi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su ne suka fi dacewa su wayar wa manoma da 'yan kasuwa kai a kan wannan. Shugabannin jam'iyyu kuma su bar wa 'ya'yan jam'iyya wanda suka zaɓa, ko da ba shi ne nasu ba.