An Hana Taron Sujada, An Bar Kasuwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, har yau wasunmu suna gunaguni a kan Maris 2020, sa'ad da Shugaba Touadéra ya rufe makarantu, ya hana taron sujada mai yawa saboda korona, kasuwar Kilomita Biyar kuwa tana ci. Suna cewa an fifita ciniki bisa Allah. Ban yarda ba!

Ku duba. A lokacin, injin taimakon numfashi 3 kaɗai ke cikin ƙasar nan mai mutum wajen miliyan 5. Da cutar ta kama tsofaffinmu a bencin majami'a, ina za mu kai su? Addu'a kuwa, mun yi ta a gida, Ubangiji ya ji.

Amma gwauruwa mai sayar da garin rogo fa? Cinikin rana shi ne tuwon dare. A rufe kasuwa mako guda, yunwa za ta riga cuta shiga ɗakinta.

Mu faɗi gaskiya: wasunmu raguwar baiko ce ta dame su. Ɗan'uwa mai gunaguni, a watannin nan kwano nawa ka kai wa maƙwabcinka?