Rigakafin ƙanjamau: Me ya sa motsin garkuwar jiki bai wadatar ba?

Fiye da shekaru 40 ke nan da gano ƙwayar cutar HIV a shekarar 1983, amma har yanzu ba a samu allurar rigakafinta ba. Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne, alluran da aka gwada sun sha zaburar da garkuwar jikin ɗan Adam, amma ba su hana kamuwa da cutar ba.

Babban misali shi ne gwajin STEP na kamfanin Merck, wanda mutane kusan 3,000 suka shiga. An tsara allurar ce domin tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T, waɗanda ke hallaka duk ƙwayar halittar da HIV ta kutsa cikinta. Binciken jini ya nuna cewa ƙwayoyin sun motsa a jikin akasarin waɗanda aka yi wa allurar. Duk da haka, a watan Satumbar 2007 aka dakatar da gwajin, domin babu kariya. Hasali ma an fi samun kamuwa a tsakanin wasu mazan da suka karɓi allurar.

A shekarar 2009, wani gwaji a ƙasar Tailan da ya ƙunshi mutane sama da 16,000 ya rage kamuwa da kashi 31 cikin ɗari. To sai dai murna ta koma ciki a 2020, lokacin da kwatankwacin wannan allura ta gaza a Afirka ta Kudu.

Dalilin shi ne, HIV na yawan sauya kamanni, sannan tana farmakar ƙwayoyin CD4 da ke jagorantar garkuwar jikin kanta. Wannan ya sa hankali ya karkata ga horar da ƙwayoyin B mataki-mataki, har su iya ƙera makaman da za su tare nau'o'in cutar masu yawa. A sakamakon da aka wallafa a 2022, matakin farko ya yi aiki a jikin mutane 35 daga cikin 36 a Amurka.

Wannan ci gaba ne, amma darasin STEP na nan daram: abin da aka gani a kwalbar gwaji daban, kare mutum daban. Kafin a kai ga gaci, ƙasashen Afirka kudu da Sahara, inda cutar ta fi ta'adi, za su ci gaba da dogaro da gwajin jini da magunguna.