Ciyawar teku a Zanzibar: Wa zai ci moriyar gyaran ƙwayoyin halitta?

Idan ruwan teku ya janye a gaɓar ƙauyukan Paje da Jambiani da ke Zanzibar, sai mata su shiga har gwiwa suna duba igiyoyin da suka ɗaura ciyawar teku, wadda ake kira mwani da harshen Suwahili. Tun shekarar 1989 aka fara nomanta domin kasuwa a tsibirin, da irin da aka kawo daga Filifin. Mutum fiye da 20,000 ne ke wannan sana'a, mafi yawansu mata. Daga ciyawar ake tatso sinadarin karajinan da ke sa askirim da yogot da man goge baki su yi kauri.

Sai dai sana'ar na cikin mawuyacin hali. Iri biyu ake nomawa: kotoni mai tsada da sifinosum mai araha. Ɗumamar ruwan gaɓa ta sa kotoni kamuwa da cutar da ke mayar da rassansa farare har su kakkarye. Manoma da dama sun koma sifinosum, wato wahalar ba ta ragu ba amma kuɗin ya ragu.

Tushen matsalar na cikin yadda ake yaɗa irin. Kamar rogo ko rake, reshe ake yankewa a sake dasawa. Ke nan gonaki masu yawa kwafi ne na 'yan tsirarun iyaye, kuma abin da ya kayar da ɗaya zai iya kayar da saura. Wannan rauni ne ya sa ake waiwayar fasahar gyaran ƙwayoyin halitta.

Ba yau kimiyya ta fara taɓa wannan noma ba. A 1949 masaniyar Birtaniya Kathleen Drew-Baker ta gano wani ɓoyayyen mataki a rayuwar ciyawar nori, binciken da ya farfaɗo da nomanta a Japan. Sin kuwa ta shafe shekaru tana zaɓe da auratar da irin ciyawar kombu. Sabon abu shi ne iya karanta kundin gadon tsiro baki ɗaya: an kammala na Ectocarpus a 2010, na Chondrus crispus a 2013, na kombu a 2015.

Hanyoyi uku ne a gaban masu bincike. Ta farko, a yi amfani da bayanan kundin wajen tantance tsiron da ya gaji juriya, a yaɗa shi ba tare da an taɓa ƙwayoyinsa ba. Ta biyu, a cusa masa ƙwayar gado daga wata halitta. Ta uku ita ce CRISPR, fasahar da ta kai Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna ga lambar Nobel a 2020, wadda ke yanke wuri takamaimai a zaren gado domin kashe wata ƙwaya ko gyara ta. A 2021 aka wallafa nasarar gwada ta a kan Ectocarpus, ciyawar da masana ke nazari a ɗakin bincike, ba wadda ake nomawa ba.

Tazarar da ke tsakanin ɗakin bincike da gaɓar Paje tana da faɗi. Bangon ƙwayar ciyawar teku na da tauri, saboda haka shigar da kayan yankan na buƙatar allura mai matuƙar siranta ko narkar da bangon tukuna. Bugu da ƙari, jure zafi hali ne da ƙwayoyin gado da yawa ke haɗuwa su samar, ba a samun sa da yanka guda.

Ko da fasahar ta nuna, teku ba shi da shinge. Igiyar ruwa na kwashe gutsuren da ya ɓalle ta kai shi nesa ya ci gaba da girma. Dangin kotoni da aka kai Hawaii a shekarun 1970 sun mamaye murjani a mashigin Kaneohe, a Zanzibar ma masana sun iske sifinosum ɗan Asiya ya bazu a wajen gonaki. Irin da aka ƙara wa juriya zai fi wuyar dakatarwa, kuma ba ya tsayawa a iyakar ƙasa. Yarjejeniyar Cartagena ta shekarar 2000 ta tsara safarar halittun da aka sauya tsakanin ƙasashe, amma babu jami'in kwastan da zai tare igiyar ruwa.

Sai batun mallaka. Asiya ke samar da kusan kashi 97 cikin ɗari na ciyawar tekun duniya, ita kuwa Zanzibar busasshiya take sayar da akasarin tata, a sarrafa a waje. Idan kamfanin da ke saye ne ya riƙe haƙƙin sabon iri, manomiyar da a yau ke yankan reshe kyauta za ta koma hannun mai sayar mata da iri, wanda kuma shi ke yanka wa amfaninta farashi. Gwamnatin Tanzaniya ma ta nuna ɗari-ɗari, domin a 2021 ta soke gwajin amfanin gona da aka sauya wa ƙwayoyin halitta.

Akwai matakan da ba sa jiran CRISPR. Dakta Flower Msuya, masaniya 'yar Tanzaniya, ta daɗe tana ƙarfafa noma a ruwa mai zurfi da sanyi, da kuma sarrafa ciyawar zuwa sabulu da abinci a gida. Nan ma da ƙalubale, domin zurfi na buƙatar kwalekwale da iya iyo, waɗanda mata da yawa ba su da su. Haka kuma gaɓar Gabashin Afirka na da nata irin na asali, wanda tattara shi da adana shi zai faɗaɗa zaɓin masu bincike.

Mai karatu a Najeriya ya san irin wannan muhawara tun amincewa da waken SAMPEA 20-T a 2019. Tambayoyin ba su sauya ba: wa ya biya kuɗin binciken, wa ya mallaki irin, wa zai ɗauki asara idan abu ya ɓaci? A Zanzibar, ya kamata a amsa wa matan da ke riƙe da igiyoyin waɗannan tambayoyi kafin reshe na farko ya taɓa ruwa.