Hoton Aro Yana Da Mai Shi

Maganarmu ta wannan mako a kan hotunan nan ce da ake ɗaukowa daga intanet don ƙawata kalanda, ko sanarwar makaranta, ko tallan taki. Yanzu ko a Kademi, cikin ƙasar Gaya, yaro mai wayar hannu yana iya tsara irin wannan takarda, a kai Kano a buga.

Akwai rumbuna da aka tanada musamman domin haka. Shutterstock, wanda aka kafa a New York cikin 2003, sai an biya. Unsplash da Pexels da Pixabay kuwa suna bayarwa kyauta. Turawa suna ce da irin waɗannan hotuna marasa la'ada, to, nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Abin nufi shi ne, in ka sami izni sau ɗaya, ba za a riƙa binka kuɗi duk lokacin da ka sake aiki da hoton ba. Amma fa hoton bai zama naka ba, aro aka ba ka, kuma da sharaɗi. Ƙaramin iznin Shutterstock bai wuce bugu 500,000 ba. Wannan dai ba zai dami mutumin Kademi ba.

Abin da zai dame shi fuskar mutane ce. Pexels ya hana a nuna kamar wanda ke cikin hoto yana yabon hajarka. Mai maganin basir da ya liƙa hoton wani dattijo a jikin kwalba, ya rubuta cewa ga wanda ya sha ya warke, ya karya sharaɗi, ya kuma ci mutuncin bawan Allah da bai san an yi ba. Haka nan hoton da aka keɓe don labarai, kamar na hawan salla a Kano, ba a talla da shi.

Wanda kuwa ya tsinci hoto a Google ya ɗauka kawai, ya sani ba rumbu ya shiga ba, gonar wani ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu cikin 2023, ta kuwa haɗa da hotuna.

Malamin da ke neman hoton manomin gero, in ya duba rumbunan nan bai ga mai kama da namu ba, sai ya fita bayan gari da wayarsa, ya nemi yardar mai gona, ya ɗauka.