Kira Kan Gwajin Ciwon Sanyi a Boɗinga da Shagari

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Sakkwato, da shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari.

Kokenmu kan wata cuta ce da kunya ke hana a ambata, wato ciwon sanyi na saduwa, wanda likitoci ke kira gonoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai sama da mutum miliyan 82 suka kamu da shi.

A ƙauyukanmu, daga Sifawa zuwa Kajiji, duk mai fitsari da zafi ko fitar farin ruwa sai a ce sanyi ne, ya nufi kemis ya sayi kafso. Alhali cututtuka da dama ke zuwa da wannan kama, kowacce da maganinta. Ita kuwa ƙwayar gonoriya ta daɗe da daina jin fenisilin da sifirofuloksasin a ƙasashe masu yawa, har aka koma kan allurar seftiriyakzon. Shan magani da ka shi ke ƙara mata taurin kai.

Mata suka fi shan wahala. Sau da yawa ba alamar komai, sai cutar ta toshe hanyar ƙwai, haihuwa ta tsaya, a bar baiwar Allah da gorin dangin miji. Wadda ta haihu tana ɗauke da cutar kuma, idon jaririn na iya yin mugunya har ya makance.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin gwamnati ba. Madubin duba ƙwayoyin cuta, da rinin Gram, da ma'aikaci mai horo sun isa gano cutar ga namiji mai fitar mugunya a rana guda. Ga mata wannan gwaji bai wadatar ba. Amma na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana ganowa idan an sayo mata kayan gwajin. A kuma tsara kai samfuri Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don sanin maganin da ƙwayar ke ji, cikin hanzari, domin zafi da bushewa na kashe ta a hanya.

A tanadi mata ma'aikata da ɗakin sirri, a rangwanta kuɗin, a duba miji da matansa tare.