Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Maganarmu ta wannan mako a kan ruwa take. Har yau ba a manta da hatsarin jirgin ruwa na Wara ta Jihar Kebbi a 2021 ba, balle na Patigi ta Jihar Kwara a 2023, inda mutum fiye da 100 suka riga mu gidan gaskiya suna dawowa daga biki. Jiragen nan na katako ne. Shi ya sa mahukunta a Abuja suke ta kira a koma ga jiragen roba da na alminiyam, wato gorar ruwa.

Kira ya yi kyau, amma ina masunci zai samo kuɗin sabo? Saboda haka duk wanda Allah ya hore wa tsohon kwalekwalen alminiyam, ko a bakin tafkin Jabi yake ko a Kainji, kada ya yi garajen sayar wa 'yan gwangwan a narkar da shi a ƙera tukwane. Alminiyam ba ya ruɓewa kamar katako, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, nauyinsa kuwa wajen sulusin na ƙarfe ne. Sau da yawa abin da ya kwantar da jirgin bai wuce 'yan kusoshi da suka saki ba.

Ga yadda ake gane su. A ɗora jirgin bisa itatuwa a tudu, a zuba masa ruwa kaɗan, a leƙa ƙarƙashi. Duk inda ya ɗiga a shata da alli. Kusar da ta saki, mutum ɗaya ya tokare ta da ƙarfe, ɗaya ya buga da guduma. Wadda ta cinye a sake ta. In tsagewa ce, a nemi mai walda da ya san alminiyam, domin a zafin digiri 660 yake narkewa, kuma ba ya yin ja ya gargaɗi mai aiki. Ɗan koyo sai ya mai da tsaga ta zama rami. A kuma duba katakon baya inda ake ɗaura inji, don shi ne kan fara ruɓewa. Kada a sa kusar tagulla ko fenti mai jan ƙarfe, gama in suka haɗu da alminiyam cikin ruwa, a hankali suke cinye shi.

To, inda gizo ke saƙa shi ne wajen ƙare-ƙare. Wani sai ya cire kujeru don ya sami wurin buhuna, bai san su ke riƙe da haƙarƙarin jirgin ba, kuma sau da yawa a cikinsu aka cusa soson da ke hana shi nutsewa. Wani ya shimfiɗa dandamali a sama, nauyi ya hau, igiyar ruwa kaɗan ta kifar da shi. Wani ya ɗaura injin da ya fi ƙarfin jirgin. Wannan ba gyara ba ne, haƙa kabari ne.

Muna kira ga Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, mai hedkwata a Lokoja, da ta horar da samarin bakin kogi wannan sana'a, ta kuma riƙa duba kowane jirgi da aka gyara kafin ya koma ruwa. Masunta kuma a riƙe rigar ruwa, a rage lodi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mu. Sai mako mai zuwa.