Malami Ma Ya Koma Aji Ɗaya: Abin da Jita Za Ta Koya Mana

'Yan uwa malamai, a manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da hukumar NERDC ta tsara, an haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda na al'adu da fasahar ƙirƙira. Duk mun san yadda ake koyar da ɓangaren kiɗa a makarantunmu da dama. Malami zai zana jita ko kalangu a allo, yara su kwafa, su haddace cewa jita tana da tsirkiya shida, ranar jarrabawa su mayar masa da abin da ya ba su. Yaro zai kammala ƙaramar sakandare da kyakkyawan maki a kiɗa alhali bai taɓa ɗora yatsansa kan tsirkiya ba. Malamin ma ba shi da laifi, domin sau da yawa an ba shi darasin ne saboda babu wanda zai ɗauka.

Shawararmu ita ce reshenmu ya sayi jita biyu ko uku, ya ware zama ɗaya a mako, duk malamin da yake so ya zo ya koya tun daga tushe. Dalili na farko a fili yake: wanda zai koyar da kiɗa ya kamata ya iya taɓa wani abin kiɗa. Dalili na biyu ya shafe mu duka, har masu koyar da lissafi da Larabci. Malamin da ya shekara goma sha biyar yana koyar da abu guda yakan manta ɗanɗanon rashin sani, kuma jita tana tuna wa mutum wannan ɗanɗano tun a makon farko.

Bari mu bayyana abin da mai koyo yake tararwa. Ana saita tsirkiyoyin nan shida, daga mai kauri zuwa siririya, a kan sautukan da ake rubutawa E, A, D, G, B, E. An gitta ƙarafa a wuyan jita sun raba shi gida-gida. Idan aka danne wasu tsirkiyoyi a wasu gidaje, aka kaɗa su tare, sai sautuka uku ko fiye su fita lokaci guda cikin jituwa. Wannan haɗin sauti shi masu jita suke kira kod. Mafi sauƙi shi ne wanda ake rubutawa Em, yatsu biyu kacal a gida na biyu. Duk da sauƙin nasa, ranar farko sautin yakan fita a shaƙe, ko tsirkiya ta riƙa ƙara kamar ƙuda a kwalba, saboda yatsan bai matsa kusa da ƙarfen ba, ko kuma cikinsa ya kwanta kan tsirkiyar maƙwabciya. Bayan minti goma kan yatsu zai fara zafi, ya yi ja, shaidar tsirkiya ta fito a kansa. Sai an yi 'yan makonni kafin yatsun su yi kanta, zafin ya tafi.

Haddace wurin yatsu ba ya ɗaukar lokaci. Mutum mai hankali zai riƙe G da C da D da Em cikin kwana kaɗan, kuma da waɗannan huɗu ana raka waƙoƙi masu yawan gaske. Inda gizo yake saƙa shi ne sauyawa daga wannan kod zuwa wancan. Mai koyo ya san inda kowane yatsa zai sauka, zai iya zana maka shi a takarda, amma da lokacin sauyi ya zo sai hannun dama ya tsaya cik yana jiran na hagu, yatsu su riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya kamar masu neman wurin zama a mota, waƙa kuwa ta yi gaba ta bar shi. A nan ne masu koyo da yawa suke jingine jita a bayan ƙofa su ce ba su da baiwa.

Mu dubi ajinmu ta wannan fuska. Yarinyar da ta san kowane baƙi da kowane wasali amma ta kasa haɗa su ta karanta kalma, a wannan gaɓa take. Haka yaron da ya haddace jadawalin sau amma ya ruɗe da aka ba shi dogon rabawa. Sun san sassan, haɗa su cikin tafiya ɗaya ne bai zauna musu ba tukuna. Mu kuwa da muka daɗe da wuce wurin, sai mu ga kamar taurin kai ne ko lalaci, mu ce, "Ba jiya na gaya maka ba?" Malamin da ya yi mako uku yana fama tsakanin G da C, alhali an nuna masa sau ashirin, zai riƙa auna wannan tambaya kafin ta fita daga bakinsa.

Hanyoyin da masu koyar da jita suke bi wajen warware wannan matsala su ma abin lura ne. Na farko, sukan nemi yatsan da ba ya bukatar motsi. Tsakanin Am da C, manuniya da yatsan tsakiya suna nan inda suke, yatsan zobe kaɗai yake tashi daga tsirkiya ta uku ya koma ta biyar a gida na uku. Da mai koyo ya gane haka, aikin da yake gani na yatsu uku sai ya koma na ɗaya. Wannan shi ne ɗora sabon darasi kan abin da yaro ya riga ya sani, wanda aka koya mana a kwalejin horon malamai kuma gaggawar kammala manhaja take sa mu tsallake.

Na biyu, sukan ware wurin da ake tuntuɓe a yi ta maimaita shi shi kaɗai. Mai koyo zai ɗauki kod biyu, ya sa agogo minti ɗaya, ya ƙirga sau nawa ya sauya tsakaninsu, ya rubuta. Bayan mako guda ya sake dubawa ya ga adadin ya ƙaru. Ba a gwada shi da kowa sai da kansa na makon jiya. Na uku, sukan rage saurin kiɗan har ya kai yadda hannu zai iya sauyawa ba tare da tsayawa ba, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma ko yatsa ya kuskure, hannun dama ba ya daina kaɗawa. Sun kuma yi ittifaƙi cewa minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai amfani. Kod ɗin F, wanda manuniya take danne tsirkiya shida gaba ɗaya a gida na farko, sukan jinkirta shi har hannu ya yi ƙarfi, domin sun san ya kori mutane da yawa da aka ɗora musu shi da wuri. Sau nawa tsarin zangon karatu ya tilasta mana ɗora wa yara nasu F ɗin tun hannunsu bai yi ƙwari ba?

Mun san za a yi ƙorafi, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen suna da nauyi. Wani zai ce ana fama da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da ƙarin girman da aka daɗe ana jira, ina maganar jita? Gaskiya ne waɗannan su ne kan gaba a aikin ƙungiya, kuma ba mu ce a sassauta su ba. Sai dai ƙungiyar malamai ta ƙasa, tun kafuwarta a 1931, tana ɗauke da mutuncin sana'ar tare da haƙƙin masu yin ta, kuma jita ɗaya tana isar mutum biyar idan an tsara karɓa-karɓa. Wani zai ce ya tsufa. Gemu ba ya hana ilimi, kuma mu ne muke faɗa wa iyayen yara haka a ajin yaƙi da jahilci.

Akwai kuma waɗanda fahimtarsu ta addini ba ta ba su damar taɓa kayan kiɗa ba. Wannan matsayi ne da muke girmamawa, kuma kada a matsa wa kowa ko a yi masa gori. Abin da muke roƙon irin waɗannan 'yan uwa shi ne su nemi wani abin da hannunsu bai iya ba, ko ɗinki, ko rubutun zayyana, ko buga rubutu a kwamfuta da yatsu goma, su zauna gaban wanda ya iya a matsayin ɗalibai. Amfanin da muke nema yana nan a can ma.

Tambaya mafi kyau ita ce ta masu cewa me ya sa jita, alhali muna da gurmi da garaya da molo. Ba mu fifita ta a kansu ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Mun fara da jita ne saboda tana da tsayayyen tsarin rubuta wurin yatsu wanda malami zai iya bi shi kaɗai a gida, kuma ita ma ta daɗe da zama 'yar gida a yankinmu. Ali Farka Toure na ƙasar Mali ya fara ne da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya kafin ya ɗauke salonsu ya ɗora kan jita. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Idan zaman ya kankama, babu abin da zai hana a gayyato mai gurmi na garinmu ya koyar, a biya shi haƙƙinsa kamar kowane malami.

Muna kira ga shugabannin reshe su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, a fara da gwajin zango ɗaya. A ba malaman da suke riƙe da darasin al'adu fifiko, a buɗe ƙofa ga sauran, maza da mata, kowane rukuni da lokacin da ya dace da shi. Iyalanmu kuma muna roƙonsu haƙuri, domin makonnin farko abin da zai riƙa fitowa daga ɗaki ba zai yi daɗin ji ba. Amma yaron da ya ga mahaifinsa, malami guda, yana kuskure yana sakewa kowace yamma ba tare da kunya ba, ya samu tarbiyyar da za ta bi shi har ajinsa.

Allah Ya ƙara mana haƙuri da ɗalibanmu, Ya sa albarka a aikinmu.